Tuban Ɗan Helina

Duk wanda ya taɓa sauka daga bas a kwanar Waradrai, can bayan garin Lae, ya san Helina ko da bai san sunanta ba. Ita ce mai teburin nan da ake tokare wa ƙafa ɗaya da dutse, mai goron buai da sigari ɗai-ɗai da dafaffiyar gyaɗa. In ruwa ya tsuge, kuma a Lae yaushe ne bai tsuge ba, kayanta take lulluɓewa da leda ta bar kanta a waje. Daga duwatsun Simbu ta gangaro tana amarya, mijinta na dako a tashar jirgin ruwa. Wani ƙarfe ya faɗo masa a ƙugu, ya yi jinyar da zai yi ya tafi, ya bar ta da ɗakin kwano guda da yaro guda, Sailas.

Tun daga ranar Helina ta san aikinta a duniya: kada Sailas ya zama ɗan raskol. Su 'yan raskol ɗin nan masu tare hanya da adda da bindigar gida ai ba daga sama suke faɗowa ba. 'Ya'yan maƙwabta ne, kowannensu an san ranar da aka haife shi, wasunsu ma Helina ta goya su. Saboda haka ta sa wa nata ido kamar kaza mai ɗa ɗaya. A ƙarƙashin teburinta ya yi rarrafe, a gefensa ya yi aikin makaranta. Ta dake shi a inda ya kamata, ta dake shi a inda bai kamata ba, ta ja shi coci da kunne. Kuma Allah ya taimake ta, yaro ya tashi shiru-shiru, yana kaɗa jita ranar Lahadi, yana ɗaukar mata tebur safe da yamma. Samarin unguwa na yi masa tsiya, "Ɗan Mama, an ba ka nono yau?" Sai ya yi murmushi ya wuce. Ko kazar wani bai taɓa kora ba.

Amma hali nagari ba ya cika ciki. Ya gama makaranta, ya bi ƙofofin kamfanoni har takalminsa ya buɗe baki, ko'ina a ce babu aiki. Gemu ya fito, sa'o'insa suka yi aure, shi yana nan yana ƙirga wa uwarsa gyaɗa a kashi-kashi. Helina kan dube shi ta ji tsoro ya kama ta, don ta san zaman banza shi ke kai yaro bakin gada, inda 'yan raskol ke tare motoci.

'Yan sanda kuwa, hali biyu aka san su da shi a Waradrai. In ka kira su an fasa maka gida, sai su ce babu mai a mota. In ba ka kira su ba, sai ga su da mai har da na yawo, suna shurin teburan mata wai jan yawun masu taunar buai na ɓata titi. Ƙafar teburin Helina ma takalminsu ne ya karya ta.

Ana nan sai kansila ya zaga unguwa da lasifika a kan mota. Wai za a yi ranar tuba a filin ƙwallo. Duk saurayin da ya miƙa bindigarsa a gaban 'yan sanda da fastoci an yafe masa abin da ya wuce, kuma wani kamfanin gadi zai ɗauke su aiki gaba ɗaya, da kaki da takalmi da albashi. Helina ta saki baki tana sauraro har motar ta ɓace. Kai, duniya! Wato wanda ya sari mutane shi za a ba kaki, wanda ya zauna lafiya ya ci gaba da zama ke nan? Abin ya tsaya mata a rai, ta kwana da shi ta tashi da shi, har dai ya zame mata dabara.

Ta cire bututun tankin ruwanta ta naɗe a zane, ta nufi rumfar Tomba mai walda. Da ta faɗa masa abin da take so, sai ya ɗaga gilashin fuskarsa ya kalle ta.

"Mama, wa ya taɓa ki haka? Faɗa mini in yi masa magana, ba sai an kai ga bindiga ba."

"Kai dai yi abin da na ce. Kuma ba mai tashi nake so ba, ta yi kama kawai."

"Ai mai tashin ta fi sauƙin yi," in ji Tomba. Ya yi dariya, ya karɓi bututun.

Sailas ne ya ba ta wuya. Da ta warware zane ta nuna masa abin, baya ya ja kamar ya ga maciji. "Haba Mama! Ni da ko danƙo kin hana ni riƙewa? In tsaya gaban mutane in ce ni ɗan fashi ne?"

"Wa ya ce ka ce wani abu? Miƙawa za ka yi ka karɓi kakinka. Rana ɗaya ce tak. Ko so kake ka tsufa a gindin teburina?"

Ya ce a'a, ya sake cewa a'a. Sai ta yi masa abin da uwaye ke yi, ta zauna a ƙasa ta tuna masa wahalar da ta sha a kansa, tana kuka. Ya yarda mana. Ita ta koya masa kada ya musa mata, kuma bai taɓa ƙin bin maganarta ba.

Ranar tuba fili ya cika maƙil. An kafa rumfa, an yanka aladu, 'yan badujalar coci na busa. Manyan 'yan raskol, waɗanda kowa ya sani, suna zaune kan katanga suna taunar buai suna kallo kamar masu kallon ƙwallo. Ƙananan yaransu suka tura da tsofaffin bindigogi masu tsatsa. Sailas ya shiga layi kansa a sunkuye. Abin da Helina ba ta lissafa da shi ba shi ne babban fasto. Mutumin nan ya ce tuba ba ta karɓuwa a ɓoye, kowa sai ya faɗi zunubinsa da bakinsa. Da aka zo kan Sailas ya ɗora masa lasifika a baki.

"Ɗana, me ka aikata da wannan abu?"

Sailas ya waiga yana neman uwarsa a cikin taro. Ta gyaɗa masa kai.

"Na tare motoci," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, Shaiɗan ya ji kunya! Motoci nawa?"

"Da yawa."

Mata suka ɗauki guɗa da haleluya. Tabita, aminiyar Helina a zumuntar mata, wadda teburinta ke jingine da nata shekara da shekaru, ta rungume ta tana hawaye. "Wayyo 'yar'uwa, ashe har da Sailas? Ashe abin da kike haɗiyewa ke nan ke kaɗai?" Sajan Wapi, babban ɗan sandan yankin, shi ya karɓi bindigar. Ya riƙe hannun Sailas ya daɗe yana kallon fuskarsa, sannan ya ce, "Ashe kai ne. Lallai mugu ba shi da kama."

Aiki fa? Riga aka ba su mai hoton kurciya, da Littafi Mai Tsarki. Kamfanin gadi ya ce a dawo wata mai zuwa, wata mai zuwa ya ce a dawo bayan zaɓe. Kansila ya ci zaɓensa, lasifika ta yi shiru. Abin da Sailas ya samu kawai shi ne an karɓe jitar coci daga hannunsa, wai sai an ga ƙarfin tubarsa.

Ba a daɗe ba aka tare wata bas a bakin gada, aka sari direba. Ranar kam 'yan sanda sun samu mai a mota. Da hantsi, Sailas na tokare ƙafar tebur, motar 'yan sanda ta ci birki a gabansu. "Ina tubabben nan mai jita?" Ba su tambaye shi inda yake jiya ba. Me za su tambaya, bayan shi da bakinsa ya faɗa a gaban gari? Suka yi masa dukan kawo wuƙa a gaban uwarsa, suka jefa shi mota. Kafin su kai ofis sun sa masa harsashi a gwiwa, suka ce gudu ya yi niyyar yi.

Helina ta isa caji ofis ba takalmi. Ta durƙusa gaban Sajan Wapi ta zazzage masa gaskiya duka, tun daga bututun tanki.

"Mama, tashi," ya ce, yana sakace haƙori. "Duk uwar da ta shigo nan ɗanta waliyyi ne. Ni da kunnena na ji shi. Ko ƙarya ya yi a gaban Allah da fasto?"

"Ƙarya ce, ranka ya daɗe! Ni na sa shi. Ni na sa aka ƙera ta, ko tashi ba ta yi."

"To madalla. Ƙera bindiga ma laifi ne, sai mu share miki ɗaki kusa da nasa. Wa ya ƙera?"

Ta miƙe ta fita. In aka kulle ta, wa zai kai wa Sailas abinci? Tomba kuwa da ta biya ta rumfarsa, ko gilashin bai ɗaga ba, ya ce shi bai taɓa yi mata aiki ba.

Kirsimeti biyu aka ci Sailas na gidan yari yana jiran shari'ar da ba a yi ba. Helina ta yi ta jigilar dafaffen dankali da ganye, rabi ya shiga rabi masu gadi su cinye. A ƙarshe aka ce babu shaida, aka buɗe masa ƙofa, ko sannu babu. Ya fito yana jan ƙafa. A ciki, waɗanda suka wanke masa rauni suka raba abinci da shi, suka hana a taka shi, su ne 'yan raskol na gaske. Kuma tare da wasunsu ya fito.

Bai zage ta ba, bai ɗaga mata murya ba, da ma ya yi da ta fi jin sauƙi. Wata rana ta kama hannunsa ta ce ya yafe mata. Ya zare hannun a hankali. "Me kika yi, Mama? Aiki kika nema mini." Ya daina zuwa coci, ya daina ɗaukar tebur. Samarin da ke kiransa Ɗan Mama suka koma gaishe ta da ladabi, suna sayen sigari ba sa karɓar canji. Wannan girma ya fi mata zagi ciwo, domin ta san daga inda ya fito.

Wata ranar Talata Tabita ba ta fito kasuwa ba, ta tafi asibiti duba jikarta. Helina ta tashi da la'asar ta koma gida, ta tarar da Sailas zaune a bakin ƙofa ya miƙe ƙafar nan tasa. A kan tabarma ga shinkafa, ga kifin gwangwani, ga sukari, rabonta da ganin irinsu a ɗakinta har ta manta. Duk suna cikin bilum, jakar saƙa, ja da ruwan ɗorawa. Ta ɗaga ta, ta jujjuya ta. Wace mace ce ba ta san saƙar ƙawarta ba? A gefenta Tabita ta saƙa jakar nan, har da ya rage kaɗan zare ya ƙare, ita Helina ce ta ba ta baƙin da ta ƙarasa hannun da shi.

"Sailas, ina ka samo wannan?"

Bai ɗago ba. "Ki dafa, Mama. Yunwa nake ji."

Ta tsaya da jakar a hannu. Caji ofis na nan inda ta bar shi, ta san hanya. Ta kuma san cewa in suka zo wannan karon ba gwiwa za su nema ba. Duk ranta ta ƙarar da shi tana tsare yaron nan daga wannan rana, sai ga shi da hannunta ta kai shi. Ta juye kayan a tabarma, ta hura wuta, ta cusa jakar a murhu ta danna ta da itace har ta cinye ƙurmus. Sannan ta ɗora tukunya.

Washegari Tabita ta fito, ido ɗaya a kumbure, hannu naɗe da tsumma. Mata suka kewaye ta. A bakin gada wasu samari suka tare bas ɗinsu, ta ce, fuskokinsu a rufe, suka danna mata kai cikin taɓo kafin ta ga kowa. Har maganin jikarta sun tafi da shi. Ta zauna kusa da Helina tana huci.

"Ke dai 'yar'uwa ki gode wa Allah, naki ya tuba tun da wuri. Amma waɗannan, Allah ya haɗa su da 'yan sanda su harbe su kamar karnuka, uwayensu su ɗanɗana abin da na ɗanɗana!" Mata suka amsa. Tabita ta zungure ta da gwiwar hannu. "Ke ba ki ce amin ba."

Duk suka juyo suna kallonta. Helina ta sunkuyar da kai kan teburinta, ta ce, "Amin." Ta ci gaba da jera buai kashi-kashi.