Muryar da Muka Ɓoye

Mu uku ne. Ni ke buga fiyano, ni ke yin baitin namiji. Wani dogo ɗan Bakori shi ke rawa da nemo mana wasa. Na ukun abokina ne da muka taso katanga ɗaya a Funtua, kuma shi Allah ya ba murya. Waƙar rawa muke yi, irin wadda ake saki a sifika ranar biki, 'yan mata su cashe har ɗankwali ya faɗi. Da damina kowa na gonar ubansa. Da an karya masara an ɗaure dawa, bukukuwa sun kankama, sai mu jingine fartanya mu hau babur: yau Danja, jibi Malumfashi, wani lokaci har ƙauyukan bayan Dandume, sa'ad da hanyar take biyuwa.

Sitidiyon da muke ɗaukar waƙa wani shago ne a bayan tasha, an liƙe bangonsa da tsohuwar katifar soso. Matsalarmu ɗaya ce. Waƙar rawa ba ta karɓuwa sai da namiji da mace, ya jefa ta cafe. Mu kuwa ba mu da mace, don ba uban da zai bar 'yarsa ta shiga wannan shagon da ƙarti uku, kuma ban ga laifinsu ba. Sai mai sitidiyon ya ce akwai dabara. Ya sa abokina ya rera baitin mace, ya murɗa wani abu a kwamfuta, muryar ta sirance ta fito zaƙwai kamar ta budurwa. Muka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Abokina ne kaɗai bai yi dariya ba, murna ya yi. Mahaifinsa shi ke limancin masallacin unguwarmu, kuma ya taɓa rantsewa cewa ranar da ya ji muryar ɗansa a sifikar biki, to ya nemi wani uban. Ga hanya ta samu: zai yi waƙa son ransa, ba wanda zai san shi ne.

Haka muka yi shekara shida. Waƙar farko a kan amaryar da aka kai a motar auduga ce, ta biyu a kan saurayin da babur ɗinsa ke mutuwa a ƙofar gidan surukai. Ta biyun ce ta fitar da mu. Masu tura waƙa a waya suka baza ta, ka shiga kasuwa ka ji ta a rumfa uku. A wurin biki faifan muke saki, ni da dogon mu yi ta tsalle a gaba, abokina yana baya wajen sifika da hular sanyi, wai shi mai gyaran waya. Kowa tambayarsa ina zabiyar. Wani alhaji mai sayen hatsi har aike ya yi a ji ko tana da miji. Muka ce tana da shi, kuma mafaɗaci ne.

Akwai abin da muke yi duk ranar da aka gama haɗa waƙa. Abokina zai tsaya a kan mai sitidiyon sai ya ga an goge ɗanyar muryar, wato ainihin tasa kafin a murɗa ta. Yana tsoron kada ta fita ta kai kunnen Malam, mahaifinsa. Ni da bakina nakan ce, "Goge, goge, mu tafi." Har yau idan na tuna sai in ji haushin kaina.

Wata damina abokina ya dawo daga huɗa yana rawar sanyi. Kwana huɗu ya yi. A rana ta biyar muka kai shi makwancinsa. Dogon ya tafi kudu neman abinci, ni na sayar da fiyanon na koma gona. Malam ma bai daɗe ba ya bi ɗansa, bai taɓa sanin komai ba.

Bara mahaifiyar abokina ta aiko a kira ni. Ganinta ya tafi, yanar ido ta rufe shi. Na same ta a tabarma tana ɓarar gyaɗa da lalube. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Ɗan nan, na san abin da kuke yi tun farko. Yaron da ke rera waƙa yana jan ruwa a rijiya, ni za a ɓoye wa? Shiru na yi saboda Malam. Yanzu hoto ba ya yi mini amfani. Muryarsa nake so in ji, ko sau ɗaya. Ta fara ɓace mini."

Na ce, "To, Inna." Na fito.

Na bincike wayata kaf, ba saƙon muryarsa ko ɗaya. Wa zai aika wa maƙwabcinsa saƙon murya, alhali leƙa katanga ya isa? Na je wurin mai sitidiyon, wanda yanzu taki yake sayarwa a shagon. Ya kaɗe tsohuwar kwamfutar, ya yi ƙoƙarin mayar da muryar macen da ke waƙar yadda take kafin a murɗa ta. Abin da ya fito wani ƙaton baƙo ne mai magana kamar daga cikin randa. Na ce ya kashe. Ban taɓa sanin wannan mutumin ba.

Na koma da waƙar babur ɗin yadda kowa ya san ta. Na zauna gefen tabarma na kunna. Ta ajiye gyaɗar, ta karkato kunne. Baitina ya wuce, ta ce, "Wannan kai ne." Baitin mace ya shigo, ya fita, ya sake shigowa. Tana ta jira. Da kiɗan ya ƙare ta ce, "Yarinyar tana da murya, tubarkalla. To shi yaushe zai shigo?"

Na so in yi mata ƙarya, na rasa wadda zan yi. Na gaya mata komai, har da gogewar, har da cewa ni ke cewa a goge.

Ta ture kwanon gyaɗar gefe. Sannan ta ce, "Ubansa ya ɓuyar wa, sai ni ya ɓace wa." Ta miƙo hannu ta laluba wayar, ta kara ta a kunnenta. "Sake sa mini yarinyar."

Na sake sawa. Ta saurara har ƙarshe idonta na zubar da ruwa, ta girgiza kai, ta miƙo mini wayata.