Nazifi bai kai ranar Alhamis ba

Yau da safe labarin ya same ni, ina tsugune a ƙofar gida ina wanke takalmin makaranta. Wani ɗan ajinmu ya tsayar da kekensa ya ce, "Nazifi fa ya rasu da asuba." Na yi salati. Sannan na ci gaba da wanke takalmin har na gama. Ban san dalili ba.

Har yanzu ban yi kuka ba. Ji nake kamar an toshe min kunne.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Nazifi abokina ne, ajinmu ɗaya a shekarar ƙarshe ta sakandare, nan wajen Bunkure. Yana da sikila tun yana ƙarami. Ranar Asabar ciwon ya tashi aka kai shi asibiti Kura. Mun saba ya kwana biyu ya dawo, shi ya sa na ce sai Litinin bayan an tashi zan je duba shi.

Shi ya ja ni ajin wasan kwaikwayo na Malam Garba. Wata biyu ke nan muna shirya wasan da za mu yi ranar Alhamis ɗin nan a gaban iyaye. Labarin rigimar ruwan kanal ne, na noman rani. Shi ne mai rabon ruwa, ni ne manomin da ya karkatar da ruwan maƙwabcinsa zuwa tumatirinsa.

Ni karatuna a hankali yake, kowa a aji ya sani. Ranar da aka raba takardun wasan na tsaya ina ta in'ina, 'yan baya suna dariya ƙasa-ƙasa. Da la'asar sai ga saƙon murya daga Nazifi a wayata, ya karanta min wasan tun daga farko har ƙarshe, yana sauya murya, har ta matar mai gari. A ƙarshe ya ce, "Ka riƙa ji in kana tsinkar tumatir, zai zauna."

Ya kuwa zauna.

Ranar Juma'a muka yi gwaji na ƙarshe da shi. Idonsa ya yi ɗorawa, a zaune kan benci ya yi yawancin nasa. Malam ya ce ya tafi gida ya huta. Ya ce, "Malam, a bari mu kai ƙarshe." Babbar rigar kawunsa ya aro, ta yi masa yawa, yana ta naɗe hannun.

A hanya ya ce min, "Kana yawan juya wa mutane baya. Juyo su ga fuskarka, ai ba da gaske ka saci ruwan ba." Muka rabu a gadar kanal. Ya ce, "Litinin ka zo da fartanya, kar ka manta."

Ban manta ba. Tana nan jingine a zaure.

Yau ƙarfe goma aka kai shi makwancinsa. Na kama makara, na zuba ƙasa, duk kamar wani nake kallo yana yi. Malam Garba ya ce gobe za mu zauna a ga ko za a yi wasan ko za a fasa. Ni ma ban san wanne nake so ba.

A wajen gaisuwa babansa ya riƙe hannuna. Ya ce, "Kai ne kuke wasan nan tare?" Na ce, "Ni ne, Baba." Sannan ya ce, "Ya iya kuwa?" Na ce duk ya fi mu.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Sau uku yana ce min in zo ranar Alhamis. Na ce masa ranar nake da ban-ruwa."

Bai saki hannuna ba sai da wasu suka shigo.

Allah ka jiƙan Nazifi. Ka sa ciwon da ya sha ya zame masa kaffara, ka haskaka makwancinsa, ka ba Baba da Inna haƙurin da ba mu da shi mu ba su. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kar ya tsaya a danna alamar kuka. Ya ɗaga hannu ya ambaci sunansa a addu'a.