Ranar da Miyar Ganyen Rogo Ta Ƙi Nuna

Jiya da hantsi ina shanya kayan yarinyata, sai na jiyo maƙwabciyata tana kankare gindin tukunya da cokali. Ka san ƙarar nan mai shiga haƙori. Kaji za ta watsa wa ƙanzon. Ni kuwa na tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu tana ɗiga, domin a gidan da na tashi, a nan unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, an yi shekarar da ƙanzo ya fi ƙarfin kaji.

Gidan Kaka ne, mahaifiyar Baba. A Bangui aka haife ta, amma mahaifinta daga ƙasar Hausa ya zo da fatauci, kuma har ta rasu ba ta yarda cewa akwai miyar da ta kai ta kuka ba. Baba yana da shagon yadi a kasuwa, saboda haka buhun shinkafa ba ya yankewa a ɗakin ajiya. Gozo, wato tuwon garin rogo da mutanen gari suke ci, sai mun yi marmarinsa ake tuƙa mana. Wata mata ce daga tsallaken gada take kawo garin a cikin babban baho, da damin ganyen rogo a samansa. Kirista ce, doguwa, mai wushirya. Muna ce mata Mai Gari, ba don tana sarautar kowa ba. Idan ta sauke kaya sai su baje a tabarma ita da Kaka, su yi ta hira da Sango, yaren gari, har rana ta karya, Kaka tana kushe garin, ita tana rantsuwa babu irinsa a duk Bangui.

Sai gari ya rikice. Ina gab da gama firamare a lokacin, ban san abin da manya suke faɗa a kai ba. Abin da na sani shi ne motocin Kamaru sun daina shigowa, Baba da ya tafi saro kaya ya maƙale a can, unguwarmu ta Musulmi kuma ta zama kamar tukunya da aka kifa wa murfi: na ciki ba ya fita, na waje ba ya shigowa. Gwaggo, yayar Baba, ta taso daga unguwar Kokoro da 'ya'yanta da ƙullin kaya guda. An kashe mijinta a hanyar dawowa gida. Ta shiga takaba a ɗakin Kaka, ba ta magana sai ta kama dole.

Shinkafa ta ƙare, masara ta bi ta. A nan na ga abin da Kaka ta iya. Busasshen kifi guda ɗaya sai ta daka shi har da kai da ƙaya, ya zama gari, ta yi miyar kwana biyu da shi. Markaɗen gyaɗa da bakin cokali take ɗiba, ta dama shi da ruwan zafi har ya yi faɗi. Ruwan da aka dafa wake ba a zubarwa, shi ne gindin miyar gobe. Ƙanzo kuwa ni ce mai kankarewa. In shanya shi a faifai a kan rufin madafi, in ya bushe a jiƙa, a zuba gishiri da barkono da ɗan ƙuli, shi ne karin kumallon yara. Gawayi ma da lissafi ake hura shi, da an sauke tukunya a yayyafa wa garwashin ruwa, a ajiye don anjima. Gozon da Kaka take yi wa kallon abincin marmari, shi ya riƙe gidan.

Garin kuwa daga hannun Mai Gari yake fitowa. Idan aka samu kwanaki babu harbi, sai ta bi ta lungunan bayan gidaje da sassafe, ta ƙwanƙwasa ƙofar baya. Hirar tabarma ta ƙare. A tsaye take juye garin, ta karɓi sabulu ko gishiri a madadin kuɗi, ta koma. Kaka ta sha ce mata ta daina zuwa. Ita kuma ta ce nata 'ya'yan ma ci suke yi.

Ranar da nake son ba ka labari cikin damina ce, hadari ya haɗu tun asuba amma ya ƙi zubowa. Mai Gari ta shigo da rabin baho da damin ganye shar, raɓa ba ta bushe a kansa ba. Tana cikin juye garin muka ji harbi ta wajen Titin Koudoukou. Can sai ihu, sai gudun mutane a lungu. Umma, mahaifiyata, ta leƙa ta katanga, maƙwabciya ta gaya mata an kawo gawar wani saurayin unguwa daga tsallaken gada, samari sun fusata sun tare duk wata hanya, sun ce duk baƙon da suka gani a ciki ya kuka da kansa.

Mai Gari ta zauna daɓas a ƙasa. Kaka ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon hijabinta ruwan ƙasa, ta zura mata, ta ja ta zuwa can ƙuryar madafi bayan turmi, ta kife bahon a ƙarƙashin gado. Gwaggo ta fito bakin ƙofa.

"Inna, marayuna suna cikin gidan nan. In aka gan ta, mu duka za a haɗa."

"Na ji," in ji Kaka. "Zo ki tsinke ganye."

Gwaggo ta juya ta koma ɗaki.

Mu muka tsinke, ni da Umma da Mai Gari. Ngunza ake ce wa miyar da Sango. Akan ɗan yaushe ganyen a tukunya mai zafi, a daka shi da albasa har ya yi laushi, sannan a ɗora a buɗe, ba murfi. Abin da ya kamata ka sani shi ne ganyen rogo yana da dafi. Sai ya daɗe yana tafasa, warin nan mai ɗaci ya fita, korensa ya koma duhu, kafin a sa masa manja da gyaɗa. Wanda ya yi masa gaggawa, amai da jiri ne rabonsa, wani lokacin ma abin ya fi haka.

Tukunya ba ta daɗe da fara tafasa ba aka buga ƙofar gida. Baffa ne, autan Kaka. Tun da aka fara rikicin ya bar gyaran babura ya shiga cikin samarin da ke tsaron unguwa, kuma ya saba shigowa da abokansa su ci abin da ya samu. Ran nan su uku ne. Ɗaya yana riƙe da adda, ɗaya, wani gajere mai jajayen idanu, da bindiga a kafaɗa. Daga baya na ji cewa mamacin abokinsa ne na ƙuruciya. Suka zube a tabarmar tsakar gida, inda in mutum ya miƙe wuya zai hango cikin madafi.

Baffa ya ce yunwa suke ji, tun jiya ba su sa komai a ciki ba. Kaka ta ce miya ba ta nuna ba. Na ɗauka za su ce sa dawo anjima. Gajeren ya jingine bindigarsa da bango, ya ce sai su jira.

Ban taɓa ganin tukunya mai nawa irin ta ran nan ba. Ina durƙushe ina fifita wuta, zufa tana bin bayana, a zuciyata ina roƙon Kaka ta zuba musu haka nan su ci su tafi. Umma ma ta raɗa mata haka. Kaka ta ɗebo miyar a ludayi, ta sunsuna, ta mayar.

"Ba na ba ɗan mutum dafi a gidana," ta ce a hankali. "Takwara, kwaɗa musu ƙanzo."

Ni ce Takwara, sunanta aka sa mini. Na kwaɗa ƙanzon da aka ajiye wa yara don gobe, na kai musu. Da na dawo sai na ga hijabin Mai Gari ya zame, zaren wuyanta ya fito, ɗan gicciyen katako yana lilo a ƙirjinta. Na matsa kamar zan ɗauki muciya, na tura shi ciki. Jikinta sanyi ƙalau, kamar randa.

Kwaɗon bai ɗauke su komai ba. Gajeren ya shaƙi iska, ya ce, "Mama, ina kuka samu ɗanyen ganye a wannan marra?"

Kaka ta nuna bayan gida da baki, ta ce akwai rogo a can. Gaskiya ne, akwai, tushe biyu da suka fito da kansu a gefen makewayi, waɗanda ganyensu duka ba zai cika tafin hannu biyu ba. Baffa ya san da haka, shi yake sare musu ciyawa. Ya ɗago ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi ƙofar madafi, ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

Sai gajeren ya miƙe, ya zaro taba, ya taho neman garwashi. Ya tsaya a bakin madafi har ya tare hasken. Na miƙa masa garwashi a murfin gwangwani. Ya kunna, ya zuƙa, idonsa ya sauka a kan wadda ke ƙurya ta juya baya.

"Wannan fa? Ban san ta a gidan nan ba."

Ya gaishe ta da Hausa. Mai Gari ba ta jin Hausa sai sannu da na gode. Ta yi shiru. Ya sake gaishe ta, murya ta canza. Ina jin miya tana ɓararraka, ina jin numfashin Umma. Kaka ta buɗe baki, amma wata murya ta riga ta daga baya.

"Yayar marigayi mijina ce. Tare muka taso daga Kokoro. Tun da aka kawo mana gawar ƙaninta ba ta ƙara magana da kowa ba. Ka ƙyale ta."

Gwaggo ce, tsaye a ƙofar ɗaki cikin mayafin takaba, ita da ko gaisuwar maza ba ta amsawa. Gajeren ya cire tabar daga baki, ya ɓoye ta a bayansa. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya ba su haƙuri, ya koma tabarma.

Da warin ya fita, Kaka ta zuba manja da damammiyar gyaɗa da garin kifi. Umma ta sauke ruwan zafi, ta riƙe tukunya da ƙafafu, ta tuƙa gozo. Suka ci, suka suɗe kwano. Rabon rabin gidan suka cinye. Baffa ne kawai ya ci loma kaɗan ya tsame hannu.

Bayan la'asar ruwan da ya yini yana barazana ya kece, irin na Bangui, wanda ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar kwanon rufi. A cikinsa Baffa ya dawo shi kaɗai, ya jiƙe sharkaf. Ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Inna, fito da ita."

Kaka ta tare ƙofar madafi da jikinta. Sannan ya ce ruwa ya kori kowa daga bakin hanya, in ba yanzu ba, babu wani lokaci. Kaka ta ce to ƙafarta ƙafarsu. Ta yafa buhu a ka, ta kama hannun Mai Gari, suka bi bayansa ta ƙofar baya. Mu kuwa muka zauna da sauran gozo a gaba har ya huce. Gab da magariba suka dawo su biyu, laka har gwiwa. Kaka ta ce sun raka ta har inda suka hango gada, ta cire hijabin ta miƙo, ta ruga. Sanyin ran nan ya kwantar da Kaka har sati ya zagayo. Mai Gari ba ta sake zuwa ba. Sai bayan hanya ta buɗe wani mai tura amalanke ya kawo saƙon cewa ta isa lafiya, ta kwashe 'ya'yanta sun koma ƙauye.

Yanzu Kaka ta rasu. Baba ya dawo ya buɗe shago, ƙarami a kan na da. Baffa yana haya da babur, yana da 'ya'ya, kuma ban taɓa jin ya ɗauko zancen ran nan ba. Motocin Kamaru suna shigowa, matan tsallaken gada sun dawo kasuwa da bahunansu, muna ciniki, muna tambayar lafiyar yara, amma ba su shigowa gida, mu ma ba ma cewa su shigo. Ƙannena da aka haifa bayan rikicin da Sango suke mafarki, in aka tuƙa gozo kwana biyu a jere sai su ɓata rai, su taliya suke so.

Gwaggo ta bi ayarin masu hijira, tana wani gari a bakin iyakar Kamaru, ta ce ita da Bangui sai a lahira. Bara muna waya na yi ƙarfin hali na tambaye ta me ya fito da ita daga ɗaki ran nan.

"Ba don ita na yi ba," ta ce. "Har yau ban san ko na yafe wa kowa ba. Na dai riga na ga yadda ake shigo wa yara da gawa. Na tuna ita ma ta bar nata a gida suna jiran ta kawo gishiri."

Daga nan ta tambaye ni nawa ake sayar da manja yanzu a wajenmu.