Hararar da Ba Harara Ba

Mun tashi da asuba daga Jidda, ni da mahaifiyata Hajiya da ta zo Umara daga Kano, da 'yata ta fari. Idon yarinyar ne ya ɗaga mu zuwa Madina. Tun tana rarrafe ba ta duban mutum gaba da gaba, sai ta karkata kai ta dube shi ta gefe. Hajiya kuwa tun saukarta ta yanke hukunci: harara ce, mun sangarta yarinya a ƙasar Larabawa har tana hararar kakarta. Faɗan ya kai 'yar tawa tana gudunta, abin kuwa yana ci mini rai.

Hanya shimfiɗe ba gargada, sai baƙin dutse da raƙuma jefi-jefi, kaset ɗin karatu na tashi a mota. Mun tsaya muka karya da wake da gurasa mai zafi, Hajiya na mitar wake ba yaji ai abincin majinyata ne. Ita dai ta suɗe kwanon.

Muna wuce Bi'ir Ali, inda motocin alhazai ke jere, sai zuciyata ta karye. A Madinan nan na yi karatu ina saurayi. Na nemi lungun da muke shan shayi da na'ana'a kusa da Harami, Masallacin Annabi, na rasa, faɗaɗa masallaci ya haɗiye shi, har da tsohon mai shayin ɗan Chadi da ya san mu ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya kan marmara ina nuna wa Hajiya inda ɗakina yake a da, ta ce in matsa, na tare wa bayin Allah hanya.

Likitan idon da muka zo gani abokina ne tun zamanin karatu, a unguwar Aƙiƙ yake aiki. Furfura ta ci gemunsa, Larabci ya ci rabin Hausarsa. Ya daɗe yana haska idon yarinyar, sannan ya dube ni.

"Ya akhi, jijiyar da ke kai gani ƙwaƙwalwa ce ba ta gama girma ba tun a ciki. Ba amaliyyar da za ta gyara ta. Amma alhamdu lillahi, ba ciwo ne mai ci gaba ba."

Ya ce a riƙa lura da girman jikinta, don wani lokaci abin kan taho da wata larurar. Ni kuwa da fatan amaliyyar nan na zo, wato a yi mata tiyata. Hajiya ta tambayi dalilin karkata kan. Ya ce ta gefen nan ne kawai take gani sosai, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa, kuma wanda take son gani da kyau shi take juya wa kai haka.

Daga nan muka wuce da Hajiya dutsen Uhudu. Can ta sayi dabino ko tayi ba ta yi ba, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo.

Washegari da za mu juyo, ta bar kujerar gaba ta koma baya kusa da jikarta. Mun yi nisa na ji ta tana cewa a hankali, "Juyo ki harare ni da kyau, 'yar nan."

Mun iso gida lafiya. Magani dai ban samo ba, kuma har yanzu abin na yi mini ciwo. Amma na koyi cewa kafin a yi wa yaro hukunci, a fara sanin me yake gani. Ranar da Hajiya za ta koma Kano, da ƙyar muka ɓamɓare yarinyar daga jikinta.