Damin Shinkafa a Kwalekwalen Baba

Ban manta shekarar da kogin Haɗeja ya tumbatsa ana tsakiyar yankan shinkafa ba. Tamu an yanke, tana jibge a fadama tana jiran bugu, sai ga labari jinga ta ɓalle. Baba ya ari kwalekwale tun la'asar, ya ce ko dami ɗaya ba zai bar wa ruwa ba. Shi kuwa in ya kafe, sai dai a zuba masa ido.

Aka yi magariba, aka yi isha, shiru. Innarmu sai leƙa zaure take yi. Kaka Fanna, mahaifiyar Baba, ta iza wuta ta ce, "Ku matso, ja'irai. Ga wata nan tafe, ku tare ta."

Ba mai marmarin tatsuniya, amma wa ya isa ya ce wa Kaka a'a?

Ta ce can da ba a san bugun shinkafa ba, da hannu ake tsige ta. Ranar wata ambaliya, wani mutum ya shaƙe kwalekwalensa da dammuna. Ruwa ya soma shiga, na bakin gaɓa suna ta ce masa ya zubar, ya ƙi. Da safe ruwa ya kawo dami guda, mutum kuwa har yau. Matarsa ta ɗauki sanda ta rufe damin da duka tana kuka, wai shi ya cinye mata miji. Da ta gaji, sai ta ga tsaba ta zube tas. "Asalin bugu ke nan," in ji Kaka.

Innarmu ta juyo ta ce, "Haba Iya, a rasa wadda za a yi yau sai wannan?"

"Ita na yi masa yana kamar waɗannan," in ji Kaka, idonta na kan wuta. "Yau zan san ko ya ji."

Wallahi na ji haushin tsohuwar nan.

Can sai sallama. Baba ne, jiƙe sharkaf, hannu wayam. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Iya, na zubar. Duka."

Ta ce, "A ba shi tuwo."

Mun sha wuya a shekarar, geron dangi na Kafin Hausa ne ya riƙe mu. Yanzu da nake da ɗa mai taurin kai irin na Baba, na gane zaman da Kaka ta yi gaban wutar nan. Ba ta iya bin ɗanta cikin ruwa. Abin da ta zuba masa a kunne yana yaro, shi kaɗai ya bi shi.