Tuwon Zaƙami da Baƙon da Ke Bayana

Jama'a, wannan abu ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin kasuwa ba, kuma wallahi ko kalma ban ƙara ba. Lokacin ina majo, wato shugaban wani ƙaramin gidan likita a wani ƙauye wajen Atantane, cikin gundumar Mayahi. Ni mutumin Tasawa ne, aiki ya kai ni can, kuma na tafi da wani ciwo a rai: yayana Habu, wanda ya goya ni ya kai ni lakwal, wato makarantar boko, ya tafi Libiya neman abinci, daga Agadas ya kira sau ɗaya, shi ke nan. Shekaru suka wuce, babu gawa babu labari.

Wata ranar kaka da azahar sai ga amalanke an jibgo min mutanen gida ɗaya, kowa na sambatu. Na duba idanunsu, baƙin ido ya buɗe ya kusa cinye ƙwayar, jiki zafi rau amma ko ɗigon zufa babu, baki ya bushe ƙamas, zuciya na gudu kamar an koro ta. Ban ma tambaya ba na ce zaƙami ne. Ashe a gefen juji suka yi sussukar dawa, inda zaƙami ya yi 'ya'ya ya fashe, aka share har da ƙwayoyinsa aka kai niƙa aka tuƙa tuwo.

Mu an koya mana wannan tsiro a makaranta. Abin da ke cikinsa, atirofin da sikofolamin, magani ne in an auna. Da atirofin ɗin muke ceton wanda ya sha maganin ƙwarin wake. In ya yi yawa kuwa, mutum ya riƙa tsintar abin da babu a tabarma, yana hira da mutanen da babu. Kuma kowa nasa yake gani, ba a taɓa haɗuwa a kan gani ɗaya. Ku riƙe wannan.

Na sa masu ƙarin ruwa, na sa a riƙa jiƙa masu jiki. A cikinsu akwai wata tsohuwa, Iya Hajo, uwar maigidan, ban taɓa ganinta ba sai ranar. Na tsuguna zan jiƙa mata leɓe, sai ta ture kofin, tana kallon bayan kafaɗata.

"Ba ni ba, ɗana. Ba wanga da ke bayanka, ya hi ni ƙishirwa."

Na ce, "Iya, babu kowa, sha."

"Kai, ba ka da kunya? Wanka na tsaye kana cewa babu kowa? Ga shi nan dogo, kunnen hagu a tsage."

Innalillahi! Na ajiye kofin. Habu akuya ce ta sa shi ya faɗa kan dangar ƙaya tun muna yara, kunnensa na hagu ya tsage, kuma babu mai wannan labari a ƙauyen nan. Na waiga, bango ne kawai da kalanda. Ina cikin lallashin kaina cewa maye ne, sai ɗanta Illa, wanda ke kwance can ƙarshen ɗaki yana fama da nasa sambatun, ya janye ƙafafunsa daga kan benci ya ce, "Bismillah, baƙo, zamna, ka sha tahiya."

Ni da na yi karatu, ni da ke yi wa mutane dariya in sun ce iska ce, sai ga ni durƙushe ina riƙe da hannun tsohuwa.

"Iya, tambaye shi, shina da rai? Ina yake?"

Ta saurara, kamar mai jin magana daga nesa. Sannan ta ce, "Ya ce ka hwaɗa ma Inna ta bar aje mai hura."

Nan na fita waje na yi kuka, ba na ɓoye muku. Innarmu kullum in ta dama fura sai ta zuba ta Habu a ƙwarya ta rufe da faifai, mu 'yan gida kaɗai muka sani, ko maƙwabta ba a faɗa wa.

Allah ya sa duk suka tashi. Da Iya Hajo ta dawo hayyacinta na zauna gabanta na roƙe ta ta tuna, ko kalar rigarsa ce, ko ya rame, ko ya yi furfura. Ta dube ni da tausayi ta ce ita daga lomar tuwo ba ta san komai ba sai farkawa. Illa ma haka. Na san za a yi hakan, sikofolamin yana shafe abin da mutum ya gani, amma ban taɓa jin haushin magani kamar ranar ba.

Da na je Tasawa na faɗa wa Inna duka, ina tsoron kada ta faɗi. Tana juya ludayi ta ce, "Ƙishirwa ta ce shina ji?" Na ce e. Sai ta jawo ƙwaryar Habu ta ƙara ruwa.

Ku da ke karatu, ku tuge zaƙami daga masussuka da bakin gida kafin ya yi 'ya'ya, kuma kada kewar wani ta sa ku kusance shi, kisa yake yi. Ni kaina na sha tsayawa a gabansa ina kallon farin furen nan, Allah ya tsare ni. Amma har yau in na tsuguna zan ba mara lafiya ruwa, ba na iya juya baya ga bango.