Titin da Ya Raba Filin Darlene

Tun tana budurwa Darlene Etchart take wuni a kan doki tana bin shanunta a tsaunukan jihar Oregon ta Amurka, ga shi har ta yi furfura. Titin mota ya raba filinta biyu, doka ma ta bi titin. A gabas, makiyayi na iya harbin kyarkeci in ya kama shi a kan dabbarsa. A yamma kuwa gwamnati ta hana, don kada irinsa ya ƙare. Wanda ya kashe shi sai kotu, wataƙila har gidan yari.

Ran nan da hantsi shanun suna yamma, sai ta ji ihun Tuffy, tsohon karenta, daga cikin kwari. Tana leƙawa ta ga ƙaton kyarkeci ruwan toka ya ritsa shi a jikin dutse, ƙafar karen sai jini. Ta zaro bindiga, ta kira mijinta ta rediyon hannu.

"Hollis, kana ina?"

"Ina gyaran famfo, tsohuwa. Dokin ne ya sake kayar da ke?"

"Kyarkeci ne. Ya ritsa Tuffy."

Hollis ya ce, "Wane gefen?"

"Yamma."

"Harbe shi! In zo da mota mu tsallakar da gawar gabas. Wa ya gani?"

"Akwai na'urar hukuma a wuyansa, sarkin dabara. Duk inda ya taka sun sani."

"To ki haƙura, Darlene. Kare ne fa."

"Karen da ya tono ka daga cikin ƙanƙara?"

Ta auna ƙirjin kyarkecin. Tuffy ya sake ƙara. Sai ta mayar da bindigar kube, ta zaburi doki gangaren nan tana kururuwa, tana wulwula igiya.

Kyarkecin bai gudu ba. Ya juyo ya yage baki, dokin ya turje har ta kusa faɗowa a gabansa. Ta zabga igiyar a kan dutse, ta ƙara zabgawa. Kyarkecin ya ja da baya a hankali, idonsa a kanta, har ya shige itatuwa.

Ta ɗora Tuffy a gaban sirdi. Ƙafar nan dai bai ƙara taka ta ba.

Da la'asar ta kora shanun gabas, inda ciyawa ta bushe amma doka ta yarda a yi harbi.

"Me za su ci a can?" in ji Hollis.

"Su rame," ta ce. "Buɗe min ƙofar shinge."